Yadda za ka ƙi sa hannu a fayil ba tare da rashin kunya ba

Shekara 35 na yi a aikin gwamnati a nan Kaduna, kuma tambayar da yaran ofis suka fi kawo mini gida a Unguwar Rimi ita ce: "Baba, idan maigida ya ce in sa hannu a abin da na san ba daidai ba ne, yaya zan yi?" Nakan ba su labarin wani Bajamushe, Johann Jacob Moser, don dabarar tana cikin rayuwarsa.

An haife shi a Stuttgart a 1701. A 1751 ya zama mai ba majalisar wakilan ƙasar Württemberg shawara kan doka. Akwai yarjejeniya tun 1514 da ta hana sarki ɗora haraji sai majalisa ta yarda. Da aka shiga Yaƙin Shekara Bakwai a 1756, sarki Carl Eugen ya matsu da kuɗin sojoji, ya so ya ɗiba ba tare da izini ba. Moser ya tsaya a kan doka.

To, abu na farko, ka san dokar tun kafin ranar ta zo. Moser bai tashi da safe ya zama jarumi ba. Littafinsa a kan dokokin mulkin Jamus kaɗai ya kai juzu'i 50, saboda haka in ya ce sarki ba shi da hurumi, ya san shafin da zai buɗe. Kai ba a ce ka rubuta komai ba. Ka samu dokokin aikin gwamnati da dokokin kashe kuɗi, ka karanta sashen da ya shafi teburinka har ya zauna maka. Wanda ya ce "raina bai kwanta ba" za a lallashe shi. Wanda ya ce "sashe kaza ya hana" sai a nemi wata hanya.

Sannan ka rubuta. Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa, shi ya sa zan daɗe a kai. Maganar baki a ofis iska ce. Wata rana an kawo mini bauca ta biyan kwangilar da na san ba a kammala ba, masinja na tsaye a kaina yana cewa ana jira. Ban ɗaga murya ba. Na buɗe fayil, na ja layi a ƙarƙashin minit na ƙarshe, wato bayanin da ma'aikaci ke rubutawa a fayil, na rubuta layi huɗu: Yallaɓai, ban ga takardar shaidar kammala aiki a fayil ba, doka kuma ta ce sai da ita ake biya, ina roƙon a haɗo ta, ko a ba ni umarni a rubuce. Na sa hannu, na sa kwanan wata, na rubuta lambar shafi. Lura, ban kira kowa ɓarawo ba. Na bar wa maigida ƙofar da zai fita da mutuncinsa, domin in ka rufe wa babba kowace ƙofa, ta kanka zai bi. Kafin fayil ya bar teburinka ka yi kwafin shafin ka ajiye a gida. Shafi yakan yi ƙafa.

Kada ka kai maganar shago ko majalisar ƙofar gida. Amma ka tabbata wani mai gaskiya a ofis, ko mai binciken kuɗi, ya ga abin da ka rubuta.

Sai kuma abin da ba na ɓoye wa kowa: akwai farashi. A watan Yuli na 1759 sarki ya sa aka kama Moser, aka kulle shi a kurkukun dutsen Hohentwiel ba tare da shari'a ba. Shekara biyar ya yi. An hana shi alƙalami da takarda, sai ya riƙa karce waƙoƙin addini a bango da ɗan almakashin gyara lagwanin kyandir. Matarsa ta rasu yana ciki. Sai a 1764 aka sake shi, bayan majalisar Württemberg ta kai ƙara kotun babban sarkin daular Jamus ta lokacin a Vienna. Abin da ya taimake shi ke nan, ba shi kaɗai ya san gaskiyar ba, kuma komai yana rubuce.

Ni ba a kulle ni ba. An yi mini canjin wurin aiki zuwa wani ofis da ko fanka babu, ƙarin girma ya yi jinkiri. Saboda haka ka shirya gidanka tun yanzu. Ka gaya wa maiɗakinka abin da ke tafe, ka rage bashi, kada ka karɓi kyautar ɗan kwangila ko da buhun shinkafar salla ne, don ranar da za ka rubuta minit ɗin nan shi za a fara tuna maka.

Moser ya rayu har 1785, yana rubutu har tsufa. Baucar nan tawa kuwa, bayan sati uku ta dawo teburina da takardar kammala aiki a maƙale, an kuma rage kuɗin zuwa iya aikin da aka yi. Na duba, na sa hannu.