Yadda ake daidaita zafi, danshi da haske a ɗakin renon tumatir da attaruhu

Ƴan uwa masu reno a ɗaki, irin nan na haibirid da muke saye da tsada wallahi bai kamata ya mutu a tire ba tun kafin ya ga gona. Kuma yawanci ba taki ne ke kashe shi ba, yanayin ɗakin ne. Fitila, zafi da danshi a ɗaure suke da juna, ka taɓa ɗaya sai sauran biyun sun motsa, to ga yadda nake bi da su.

Da farko ka sayi ƴar na'urar nan mai batir da take nuna digiri da danshi a lokaci ɗaya. Kar ka rataye ta a bango can sama, ajiye ta daidai tsayin ganyen, don abin da shuka ke ji shi muke nema. Ka yi kwana uku kana rubuta lambar da asuba, da azahar, da bayan isha kafin ka zuba iri ko ƙwaya ɗaya.

Sai fitila. LED fara mai 6500K, wato mai farin haske irin na rana, ta wadatar, ka kunna ta awa 14 zuwa 16 a rana, sauran awannin a bar su cikin duhu su huta, in ka samu tayima ta rage maka aiki. In doguwar fitilar nan ce mara ƙarfi sosai ka sauke ta kamar santimita 10 zuwa 15 saman ganye kana ɗagawa suna girma. In ka ga shukar ta yi zalalan, siririya, tana karkata gefe guda, haske ne bai ishe ta ba, ba wai girma take ba. Ka kuma sani duk wat ɗin da fitila ta sha a ƙarshe zafi yake komawa cikin ɗakin, fitilun wat 200 kamar ka kunna ƙaramin hita ne na wat 200, shi ya sa ban yarda da tsohon ƙwan nan mai jan haske ba ko kaɗan.

Yanzu ga inda aikin yake, zafi. Tumatir ya fi son tsirowa tsakanin digiri 21 zuwa 27, in zafin ƙasar tiren ya haura 35 sai ka ga rabin tire shiru, attaruhu ya ɗan fi shi son ɗumi. To a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi cikin Afrilu waje ma yana kai 40, balle ɗaki mai kwano ba silin. Ka sa silin tukuna. Sannan fankar fitar da iska a saman bango tunda iska mai zafi sama take hawa, ka buɗe ƙofar shigar iska a ƙasa ta ɗaya ɓangaren, ka rufe ta da raga mai ƙananan ido saboda farin ƙuda. A bazara ni ina juya lokacin ne gaba ɗaya, fitila ta kama da yamma ta kwana a kunne, da tsakar rana ɗakin na duhu, amma fa ka lissafa batirinka in da sola kake aiki don dare yana cin batir ba kaɗan ba.

Dabarar da ta fi min araha ita ce buhun algarara. Ka jiƙa shi ka rataye a bakin ƙofar shigar iska, iskar da ta ratsa shi tana shigowa da sanyi da ɗan laima, hikimar randa ce dai, irin wadda marigayi Mohammed Bah Abba, wani malami ɗan arewacin Najeriya, ya yi amfani da ita a tukunya cikin tukunya mai sanyaya kayan lambu har ya samu lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a shekarar 2000. Sai dai tana aiki ne lokacin da iska ta bushe, hunturu da bazara. A Agusta kar ka gwada, iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba sanyin da za ka samu sai ƙarin danshi.

Danshi kuwa, kafin tsiro ka rufe tire da leda, rana ɗaya da ka ga kawuna sun leƙo ka yaye ta, daga nan ka riƙe danshin tsakanin kashi 50 zuwa 70 cikin 100. Na taɓa barin ledar kwana biyu a damina, da safe na tarar da layi guda sun kwanta, gindinsu ya yi baƙi ya tsuke kamar zare, raɓa na ɗiga daga ledar, har yau abin yana min ciwo. Wannan ruɓewar gindi ce, ruwa da rashin iska ke kawo ta, kuma wadda ta kwanta ba ta tashi. Ka yi ban ruwa da safe, ta ƙasan tire in zai yiwu, ka bar saman ƙasar ya ɗan sha iska kafin ka ƙara, sannan ƙaramar fanka tana kaɗawa a hankali yadda ganye zai riƙa ɗan rawa kawai.

In sun kai sati huɗu zuwa biyar da ganyen gaskiya huɗu ko biyar, wato ban da biyun farko da suka fito da tsiro, kar ka ɗauke su kai tsaye zuwa rana. Ka riƙa fitar da su inuwa awa biyu, gobe ka ƙara, har kwana 7 zuwa 10, kana rage ruwa kaɗan kaɗan, sannan ka yi dashe da la'asar.