Yadda Ake Karanta Farashin Kasuwar Hasashe Kan Zagayen Farko a Wasan Besbol

Matasan Katsina da suka saba bibiyar ƙwallon Turai a waya sukan ci karo da lambobin da dandamalin hasashe irin su Kalshi da Polymarket suke nunawa kan wasannin Amurka, kuma a besbol akwai tambayar da ake yawan sa wa farashi: za a ci maki a zagayen farko ko ba za a ci ba? Kafin mutum ya fahimci lambar, sai ya san tsarin wasan. Ana buga zagaye 9, kowanne kashi biyu. Baƙi ne suke fara bugu, wato dukan ƙwallon da mai jifa na ɗaya ƙungiyar yake jefo musu, har sai an fitar da mutum uku daga cikinsu, sannan masu gida su karɓa. Maki ɗaya tak daga ɗaya cikin ɓangarorin biyu ya isa ya sa amsar ta zama e.

Kowace takarda da mutum ya saya a dandamalin kan amsar e ko a'a tana biyan dala 1 idan abin ya tabbata, in bai tabbata ba kuwa ta tashi a banza. Saboda haka idan takardar "ba za a ci ba" tana kan santi 52, kasuwa tana ganin yiwuwar hakan kashi 52 ne cikin 100.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne wajen lissafi. Dole ne masu jifa biyu, na masu gida da na baƙi, kowa ya gama nasa kashin ba a ci shi ba, don haka ninka yiwuwar ake yi. A ce kowannensu yana da kashi 70 cikin 100 na tsira. Idan aka ninka, abin da zai rage kashi 49 ne kawai. Ƙwararren mai jifa ɗaya ba ya wadatarwa, balle kuma a zagayen farko ne kaɗai koci yake da tabbacin cewa mutum ukun da ya jera a gaba, waɗanda galibi su ne gwanayensa, za su yi bugu a jere.

Sai a duba filin. Coors Field da ke Denba yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, iskar wurin ba ta da kauri, ƙwallo tana tafiya nesa, don haka an fi cin maki. A Wrigley Field na Chikago kuwa, inda iska ta dosa ranar yana iya sauya lissafin gaba ɗaya. Jerin 'yan wasa yakan fito sa'o'i kaɗan kafin a fara, kuma wasan ƙarfe 7 na yamma a New York ƙarfe 12 na dare ne a Katsina, don haka bayan sallar isha'i ne lokacin dubawa.

Sanya kuɗi wani zance ne daban. Ko da CFTC, wata hukumar gwamnatin Amurka, ce take sa ido kan Kalshi a matsayin kasuwar hada-hada, a ganina zuba dukiya kan abin da zai ƙare cikin minti ashirin caca ce, kuma aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haramta ta ƙarara. Mai son gwada basirarsa ya sami littafin rubutu, ya rubuta nasa kason kafin ya leƙa farashi, washegari ya sa sakamako a gefe. Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasar besbol ta Amurka, kowacce tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, a wasu ranakun ma har wasa 15 ake yi, saboda haka wata guda ya isa ya ga ko ƙiyasinsa ya fi na kasuwa kusa da gaskiya.