Yadda za a hana inji mai matsi sosai ƙwanƙwasa da man gidan mai

Injin da matsinsa ya kai 10.5:1 (wato fistin yana matse haɗin iska da fetur har ya ƙanƙance sau 10.5) yana iya yin ƙara kamar tsakuwa a gwangwani idan aka taka totur. Fetur ne ke fashewa ba bisa ƙa'ida ba, kuma yana iya huda fistin.

1. Sha mai mafi yawan oktan, wato ma'aunin yadda fetur ke jure matsi ba tare da ya fashe da kansa ba. Guji na 'yan bumburutu, kananzir ɗin da ake haɗawa yana rage oktan.
2. Ja da taimin (lokacin da fulogi ke ba da wuta) baya digiri 2, gwada a hawa, ƙara ja idan ƙarar ba ta ɗauke ba.
3. Sa fulogi mai sanyi da mataki ɗaya, wato wanda ya fi naka saurin fitar da zafi.
4. Wanke lagireto, duba fanka. Zafi yana cikin manyan masu jawo ƙarar, musamman a cunkoso.
5. Kar ka taka totur da babbar giya inji yana numfarfashi. Rage giya tukuna.