Masu fita gudu, ku rage ƙure kanku

Salam 'yan uwa, dan Allah masu gudun asuba ku daina ƙure kanku kullum. Ku duba 'yan tseren ski (zamiya a kan ƙanƙara) na ƙasar Norwe, in ƙanƙara ta narke ba zama suke ba, tun watan Mayu suke fara atisaye, su hau ski mai taya su bi kwalta da sanduna biyu a hannu, wata rana su faɗa fadama suna gudu cikin taɓo har ƙauri. Amma yawancin horon a hankali ne, gudun da kana yi kana hira, awa 2 ko 3. Mai zafin sau 2 a sati ya wadatar wallahi. Ranar hutu kuma ku ci ku ƙoshi, ku kwanta da wuri.