Bara da Bana: Yadda Ake Zaɓe Tsakanin "Sold" da "Have Sold" a Turanci

Ɗaya daga cikin wuraren da ɗaliban sakandare a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa kan yi tuntuɓe a jarrabawar WAEC da NECO shi ne ba da labarin abin da ya wuce. Ba laifinsu ba ne kacokan. "Na sayar" ɗaya gare mu, da ita ake faɗin cinikin jiya, da ita ake faɗin na ɗazu. Bature kuwa ya raba ta gida biyu: I sold da I have sold.

Kafin ka rubuta aikatau, nemo kalmar lokaci a jimlar, ka tambayi kanka: lokacin nan ya shige, ko muna cikinsa? In ya shige, kamar jiya, makon jiya, bara, ko wata shekara da aka ambata, kada ka kusanci have. We harvested millet last year. Jigawa State was created in 1991. Duk jimlar da ago ya shiga, haka take. Shi ya sa I have seen him yesterday kuskure ne, komai daɗinta a kunne.

In kuwa lokacin bai ƙare ba, kamar yau ko bana, have na da gurbi: We have sold three rams this year, domin da sauran kasuwa a gaba.

Mai wuyar ita ce this morning. Wanda yake kasuwar Maigatari ranar Alhamis da hantsi zai ce I have sold two goats this morning. In ya dawo gida bayan la'asar, safiya ta wuce, sai I sold two goats this morning.

For ma yana ruɗa mutane. He taught in Gumel for ten years, ya bar garin ke nan. He has taught in Gumel for ten years, har gobe yana can da allinsa. Mamaci kuwa kwanansa ya ƙare, don haka Aminu Kano led NEPU za a ce, tunda Malam ya rasu tun 1983.

Had fa? Kada ka yayyafa shi don labari ya daɗe kawai. Aikinsa nuna abin da ya riga wani faruwa, kamar "riga" tamu: The lorry had left before we reached Wudil. In abu ɗaya ne, left ta wadatar.

Wajen tambaya, in ranar kake nema, when da did ake haɗawa, aikatau kuma ya koma asalinsa: When did you go, ba went ba.