Yadda za ka yabi wanda ya iya lissafi ba tare da ka yi kwaɓa ba

Jama'a, akwai bambanci fa tsakanin "ya iya lissafi" da "yana da lissafi", kuma da yawanmu muna cakuɗa su. In yaro ne ke cinye maths a makaranta, ko ɗan kasuwa a Kantin Kwari da za ka ce masa yadi 7 a kan naira 3,500 kowane yadi kafin ka lalubo kalkuleta a waya ya ce maka 24,500, to wannan sai ka ce ya iya lissafi, ko gwanin lissafi ne, ko kawai ka ce kansa na ja.

Amma "yana da lissafi" wani abu ne daban, ana nufin mai tsari da hangen nesa, wanda albashi ba ya ƙare masa ranar 10 ga wata, ko da kuwa bai san sau ba. Shi ya sa in ka ce wa mutum "ba ka da lissafi" wallahi zagi ne, ba maganar jarabawa kake ba. Ni na taɓa faɗa wa wani yayana haka don ya kasa raba kuɗin cefane, har yau yana min gori.

Kalmar ma daga Larabci ta zo, al-hisab, tushensu ɗaya da hisabi na ranar ƙiyama. Kada kuma ka haɗa ta da ƙirge, wannan ɗaya biyu uku ne kawai. In lissafin ya fito a karkace, sai ka ce lissafin dokin Rano aka yi.