Yadda za ka sa birkin motarka ya ƙara kamawa

Masu zuwa garejina a Sabon Gari yawanci babban faifan birki suke nema, irin na motocin tsere. Ni kuwa taya nake fara dubawa, domin ita ke taɓa kwalta. Lambobi huɗun nan da ke gefenta mako da shekarar ƙira ne: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In ta tsufa ko zanenta ya suɗe, kowane birki ka sa sai mota ta ja ƙafa a cunkoson Kwangila.

Sai takalmin birki. Da kaurinsa ya kusa milimita 3, canza na hagu da dama tare, kuma ka sayi na kamfani sananne. Na arha yana ƙonewa, ya bar ka da ƙara da wari.

Man birki ne aka fi yi wa sakaci. Yana shan danshi, musamman da damina, shi ya sa ake zubar da shi duk shekara 2. Sabon man birki nau'in DOT 3 yana tafasa a digiri 205 na ma'aunin Celsius, DOT 4 kuwa sai 230, don haka na fi son DOT 4 ga mai bin hanyar Kaduna da lodi. Kada ka gauraya su da DOT 5. A fitar da iska daga bututun birki sosai, har feda ta daina laushi.

Bayan an ɗaura sabon takalmin birki, nemi titin da ba mutane, ka riƙa taka birki daga gudun kilomita 60 a awa zuwa 10 ba tare da ka tsaya cak ba, kamar sau takwas, don takalmin ya zauna a kan faifai.